Ƙaddara, zaɓin mutum da ƙaunar Allah a koyarwar Kirista: tambayoyi da amsoshi

A Sudan, ko gindin mai shayi a Umdurman ko a zauren wani dattijo a Maiwurno, da zarar an taɓo zancen ƙaddara sai wani ya jefo tambayar da kowa ya haddace da Larabci: mutum musayyar ne ko mukhayyar? Wato tuƙa shi ake yi, ko shi ke zaɓa? Hausawan ƙasar nan kusan dukansu Musulmi ne, kuma da yawa sukan so su ji abin da maƙwabtansu Kiristoci ke cewa. Akwai kuma Kiristoci masu jin Hausa, ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa daga Najeriya da Nijar, da ke sujada tare da 'yan Duwatsun Nuba ko Kibɗawa (mabiya tsohuwar majami'ar Masar), suna jin wa'azi iri-iri. Amsoshin nan na ɓangarorin biyu ne. Ayoyin da muka kawo, ma'anarsu muka faɗa, mai so ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya duba da idonsa.

Shin Kiristoci sun yarda da ƙaddara?

Sun yarda. Matsalar ita ce Hausa na cusa abubuwa uku cikin kalma ɗaya, su kuwa malaman Kirista rarrabe su suke yi. Na farko riƙon da Allah ke yi wa duniya: damina, rai da mutuwa, faɗuwar ɗan tsuntsu ƙasa (Matiyu 10:29). Na biyu rigyasani, wato sanin abu tun bai auku ba. Na uku zaɓe domin ceto. Kan na farko da na biyu manyan ɗarikoki bakinsu ɗaya. Gardamar da aka shekara 1,600 ana yi, kan na uku take.

Kalmar Girkanci da ake fassarawa da "ƙaddarawa tun da wuri" sau shida kawai ta zo a Sabon Alkawari: Ayyukan Manzanni 4:28, Romawa 8:29 da 8:30, 1 Korintiyawa 2:7, sai Afisawa 1:5 da 1:11. Ta farko kan gicciye Almasihu ce, ta Korintiyawa kan hikimar Allah. Huɗun da suka rage kan mutane ne, kuma duka magana suke kan zama 'ya'yan Allah, da ɗaukar kamannin Ɗansa, da samun gado. Mai karanta Baibul na Larabci zai ga "sabaƙa fa'ayyanahum" a Romawa 8:29, wato ya riga ya ayyana su. Babu ɗaya cikin shidan da ta ce an ƙaddara wa wani wuta. Masu wannan ra'ayi daga wasu wurare suke ciro shi, kamar Romawa 9:22 da 1 Bitrus 2:8.

In Allah ne ya ƙaddara in ƙaunace shi, ƙaunar tawa ce, ko auren dole aka yi mini?

Nan ne cibiyar maganar. Babbar doka ita ce ka ƙaunaci Ubangiji Allahnka da dukan zuciyarka (Markus 12:30). Ba a ba dutse umarni, saboda haka umarnin kansa shaida ne cewa mutum yana da nufi, kuma za a tambaye shi. Amma littafin da ya ba da umarnin shi ne kuma ya ce muna ƙauna ne domin shi ya fara ƙaunarmu (1 Yahaya 4:19), ya ce Ruhu Mai Tsarki ne ya kwarara ƙaunar Allah a zukatanmu (Romawa 5:5).

A lura da yadda abu guda yake zuwa sau biyu, sau ɗaya umarni, sau ɗaya kyauta. Maimaitawar Shari'a 10:16 ta ce ku yi wa zukatanku kaciya. A 30:6 kuma aka ce Ubangiji ne zai yi wa zuciyarka kaciya domin ka ƙaunace shi. Ezekiyel 18:31 ya ce ku yi wa kanku sabuwar zuciya, 36:26 ta ce zan ba ku sabuwar zuciya. Bulus ya haɗa su a numfashi ɗaya: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne yake aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata (Filibiyawa 2:12-13). Wanda ya ɗauki rabi ya jefar da rabi, ko wane ɓangare yake, ya yi wa nassin kwange.

Agustin, bishop ɗin Hippo (Annaba ta Aljeriya a yau), da yake bayanin Yahaya 6:44, inda Yesu ya ce ba mai zuwa wurina sai Uba ya jawo shi, ya kawo misalin da duk mai kiwo zai gane. Ka nuna wa tunkiya ɗanyen ganye, sai ta biyo ka. Ba igiya a wuyanta, ba sanda a bayanta, da ƙafarta take tahowa, amma ganyen ne ya jawo ta. Haka ya fahimci jan Allah: ana buɗe wa zuciya ido ta ga abin so, sai ta so. Auren dole shi ne a kai yarinya ɗakin da zuciyarta ke ƙi. Babu wata sananniyar ɗarika da ta koyar cewa Allah yana jan mutum zuwa sama yana turjewa.

Inda aka rabu shi ne ma'anar 'yanci. Wasu suka ce 'yantacce shi ne mai yin abin da ransa ke so ba tare da an tilasta shi ba, ko da Allah ne ya sauya abin da ran ke so. Wasu suka ce hakan bai isa ba, sai in a daidai lokacin mutum yana da ikon cewa a'a. Yawancin musun da ake yi a harabar majami'a bayan sujada, mutum biyu ne kowa da tasa ma'anar, ba wanda ya tsaya ya faɗe ta.

Daga ina rigimar ta samo asali?

Daga wata addu'a. Agustin (354-430) ya rubuta yana roƙon Allah: ka ba da abin da ka umarta, sannan ka umarci abin da ka ga dama. Felajiyus, wani malami daga Birtaniya da ke zaune a Roma, ya ji abin ya ɓata masa rai. A ganinsa, in Allah ya ba da umarni to mutum yana da ƙarfin cikawa tun daga halitta, kuma zunubin Adamu mugun misali ne kawai, ba ciwon gado ba. Taron bishop-bishop na Kartaj ya yi watsi da koyarwarsa a 418. Taron Oranj a Faransa, a 529, ya ƙara zama kan maganar ya yanke abu biyu: ko farkon bangaskiya, ko ɗan marmarin neman Allah, alheri ne ya haifar da shi, sannan ya la'anci ra'ayin cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

Shekara dubu bayan haka wutar ta sake tashi. Irasmus ya kare 'yancin nufi a 1524, Martin Luta ya mayar masa da martani a 1525 cewa nufin ɗan Adam bawa ne ga zunubi. Yahaya Kalbin a Janiba ya koyar da ƙaddara mai fuska biyu, wasu zuwa rai, wasu zuwa hallaka, ya kuma amsa da bakinsa cewa hukunci ne mai ban tsoro. Yakubu Arminiyus, malamin jami'ar Laidin a Holan, ya yi jayayya da wannan. Ya rasu a 1609, almajiransa suka gabatar da koke mai maki biyar a 1610, taron malaman majami'a na garin Dort a Holan kuma ya zauna daga Nuwamba 1618 zuwa Mayu 1619 ya ƙi su.

A taƙaice, mene ne bambancin mabiya Kalbin da mabiya Arminiyus?

A fara da abin da ba su rabu a kai ba, domin nan ake yawan yi musu ƙage. Dukansu sun ce mutum ba zai iya juyowa ga Allah da ƙarfin kansa ba. Maki na uku da na huɗu na koken 1610 sun faɗi haka ƙarara, saboda haka kiran ɗan Arminiyus "mai ceton kansa" zalunci ne. Haka nan dokokin Dort sun ce alheri ba ya aiki a cikin mutane kamar su kututture ne ko duwatsu, kuma sun umarta a yi wa kowa shelar bishara ba tare da tsame wani ba. Kiran ɗan Kalbin "mai cewa mutum 'yar tsana ce" shi ma zalunci ne.

Saɓanin yana nan. Ɗan Kalbin ya ce Allah ya zaɓi mutane ba don wani abin da ya hango a cikinsu ba, bangaskiyar ma 'ya'yan zaɓen ce, kuma alherin da ke ceto ba ya komawa hannu wofi. Ɗan Arminiyus ya ce Allah ya zaɓi waɗanda ya riga ya san za su ba da gaskiya, Almasihu ya mutu domin kowa, alheri yana riga kowa zuwa ya kwance masa ɗauri, amma mutum yana iya ture shi, kamar yadda Istifanas ya ce wa majalisa kullum kuna tsayayya da Ruhu Mai Tsarki (Ayyukan Manzanni 7:51).

Kowane ɓangare yana da ƙayar da ta maƙale masa. A tambayi ɗan Kalbin: in Allah na iya sauya kowace zuciya, kuma yana so dukan mutane su sami ceto (1 Timoti 2:4), me ya hana? A tambayi ɗan Arminiyus: 'yan'uwa biyu uwa ɗaya uba ɗaya sun ji wa'azi ɗaya, sun sami alheri daidai, ɗaya ya karɓa ɗaya ya ƙi, me ya bambanta su, in ba wani abin kirki da ke cikin na farkon ba? To ina zancen kada kowa ya yi fahariya (Afisawa 2:9)? A ganinmu malamin da ya ce ɓangarensa ba shi da irin wannan tambaya, bai karanta abokan hamayyarsa ba. Luterawa, mabiya Luta, a matsayarsu ta 1577, sun gwammace su bar kullin yadda yake: wanda ya tsira, aikin Allah ne ɗungurungum, wanda ya hallaka, laifinsa ne.

Majami'un da ke Sudan fa, ina kowace ta tsaya?

Kibɗawa, kamar sauran Kiristocin Gabas, haɗin aiki suke koyarwa: Allah ne mai farawa kuma mai ba da iko, mutum yana amsawa da yardarsa, kuma ba su karɓi ƙaddara mai fuska biyu ba. Katolika sun tsaya kan taron Tirent na 1547, cewa alheri ne ke farawa amma mutum na iya ƙin sa. Katikisim ɗinsu, sakin layi na 1037, ya ce Allah bai ƙaddara wa kowa shiga wuta ba. A cikin gida kuwa su ma sun sha tasu: ƙungiyoyin malamansu biyu, Dominikawa da Jizwit, sun yi ta fafatawa kan yadda alheri da nufi ke haɗuwa, har Fafaroma Bulus na Biyar ya rufe zaman a 1607 ba tare da ya ba kowa gaskiya ba, ya hana su kiran juna 'yan bidi'a.

Majami'ar Episkofal, wato Angilika, tana da maki na 17 cikin 39 na takardar bangaskiyarta, wanda ya yi magana kan ƙaddarawa zuwa rai, ya yi shiru kan hukuncin hallaka, ya kuma gargaɗi masu shisshigi. Firesbiteriyan, da mishan na Amurka suka kafa bayan sun shigo ta Masar, gadon Kalbin suke da shi. Majami'ar Almasihu ta Sudan, mai ƙarfi a Duwatsun Nuba, daga aikin ƙungiyar mishan ta SUM ta fito, wata majami'ar kuma daga aikin ta SIM, wato tushensu ɗaya da COCIN da ECWA na Najeriya. Ƙungiyoyin mishan ɗin nan biyu sun tattaro ma'aikata daga ɗarikoki dabam-dabam, shi ya sa za ka iske fasto biyu a majami'a ɗaya kowa da inda ya karkata. Yawancin Fentikos layin Arminiyus da Wesli, jagoran Metodis, suke bi.

Mai son sanin matsayin majami'arsa kada ya dogara da wa'azin Lahadi ɗaya. Ya ce, "Baba Fasto, ina son ganin takardar bangaskiyarmu," ya duba abin da ta ce kan zaɓe, kan waɗanda Almasihu ya mutu dominsu, da kan ko mai bi na iya fanɗarewa.

In Allah ya riga ya san abin da zan zaɓa, ai an gama magana?

Sani daban, sawa daban. Wanda ke tsaye kan gadar Tuti yana kallon masunci na jefa taru ya san tabbas ana jefa taru, amma ba kallonsa ne ya jefa ba. Boyitiyus, masanin Roma na farkon ƙarni na shida, ya ce Allah ba ya cikin jerin jiya da yau da gobe, duk zamani a gabansa yake kamar yanzu, saboda haka saninsa irin na mai kallo ne. Misalin yana da iyaka, domin mai kallon gada ba shi ya halicci masuncin da kogin ba. A nan ne mabiya Kalbin ke cewa Allah ya sani ne domin shi ya tsara.

Luwis Molina, ɗan Jizwit, ya kawo wata hanya a 1588: Allah ya san har abin da mutum zai yi da a ce an sa shi a wani halin da bai taɓa aukuwa ba. Hujjarsa tana 1 Sama'ila 23:10-13. Dawuda ya tambaya ko mutanen Kaila za su bashe shi ga Saul, Ubangiji ya ce za su bashe ka, Dawuda ya tattara mutanensa ya bar garin, abin bai faru ba. Sanin gaskiya ne, amma bai ɗaure ƙafar Dawuda ba.

Romawa sura 9 tana tayar mini da hankali. Yaya zan karanta ta?

Kada a karanta ta ita kaɗai. Sura 9, 10 da 11 magana ɗaya ce, aya 90, ba ta cin minti ashirin. A karanta su a zama ɗaya, da murya, kafin a buɗe kowane sharhi.

Sannan a nemi tambayar da Bulus ke amsawa. Tana 9:1-6: danginsa Yahudawa da yawa sun ƙi Almasihu, to maganar Allah ta faɗi ke nan? Mutumin da ke rubutun yana cikin baƙin ciki, har yana cewa da ma a la'ance shi saboda su. Mai karanta surar da murmushin cin gardama ya riga ya kauce wa marubucin.

Bayan haka a bi kowace ayar da ya ɗauko daga Tsohon Alkawari zuwa gidanta. "Yakubu na ƙaunata, Isuwa na ƙi" daga Malakai 1:2-3 take, inda ake zancen Isra'ila da Edom, zuriyar Yakubu da ta Isuwa, ɗaruruwan shekaru bayan mutuwar tagwayen, kuma Farawa 25:23 ta ce al'umma biyu ne a cikin Rifkatu. Misalin maginin tukwane na 9:21 yana tuna da Irmiya 18, inda Allah ya ce in al'ummar ta tuba zai janye masifar. Wannan ne ƙarfin masu cewa zancen na al'ummai ne da aikin da aka ba su. Amma kada a tsallake 9:11 da 9:16: tun ba a haife su ba, ba su yi nagarta ko mugunta ba, abin ba ga mai so ko mai ƙoƙari yake ba, ga Allah mai jinƙai yake. Wannan ne ƙarfin mabiya Kalbin, kuma ba a kawar da shi da ɗaga murya.

A 9:22-23 a lura da ginin jimla. Tukwanen jinƙai an ce Allah ne ya riga ya shirya su. Tukwanen fushi kuwa an ce shiryayyu ne don hallaka, ba a ambaci mai shiryawar ba, an dai ce Allah ya jure da su da haƙuri mai yawa. A ƙarasa da 9:30-32, inda Bulus ya ce sun yi tuntuɓe ne don ba su nema ta bangaskiya ba, da 10:21, inda Allah ke miƙa hannu yini zubur, da 11:23, inda rassan da aka sare za a iya sake ɗaura su. Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsayawa a 9:21 a rufe littafi.

Fir'auna da Yahuza fa? Ba amfani aka yi da su aka yar ba?

A Fitowa 4:21 Allah ya faɗa tun da wuri zai taurare zuciyar Fir'auna. Amma a cikin labarin annobai, Fir'auna ne aka fara cewa ya taurare tasa zuciyar (8:15, 8:32). Sai a annoba ta shida, ta marurai, aka ce Ubangiji ya taurare ta (9:12), a 9:34 kuma ya sake yi da kansa. Allah bai ɗauki mai taushin zuciya ya busar da shi ba. Game da Yahuza, aya ɗaya ta riƙe duka biyun: Ɗan Mutum zai tafi yadda aka ƙaddara, amma kaiton mutumin da ya bashe shi (Luka 22:22).

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ƙaddara ce? Wanda ya gudu ya nuna rashin dogara ga Allah?

Kirista yana cewa ba abin da ya kuɓuce wa hannun Allah, yana kuma cewa Allah ba ya jarabtar kowa da mugunta (Yakubu 1:13). Wanda ya harba, wanda ya fasa gida ya kwashe kaya, shi zai amsa. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da mugunta, Allah kuwa ya nufe shi da alheri (Farawa 50:20): aiki ɗaya, nufi biyu, kuma na biyun bai wanke na farkon ba.

Gudu kuwa, Yesu da kansa ya ce in an tsananta muku a wannan gari ku gudu zuwa wancan (Matiyu 10:23). Da shi aka gudu Masar yana jariri, Bulus ma a kwando aka zurara shi ta garun Dimashƙu. Iyalin da suka bar Khartum zuwa Madani, aka sake tayar da su zuwa Gadarif ko Bur Sudan, ba su da abin kunya. Ayyukan Manzanni 27 ta fi ko'ina fayyace wannan. Mutum 276 ne a jirgin, mala'ika ya tabbatar wa Bulus ba ran da zai salwanta. Duk da haka, da matuƙan suka so sulalewa a ƙaramin kwalekwale, Bulus ya ce wa shugaban sojan da ke tsare da shi in waɗannan ba su zauna a jirgi ba, ba za ku tsira ba. Aka yanke igiyoyi, aka ci abinci, masu iyo suka yi iyo, sauran suka kama katakai. Alkawarin ya cika ta hanyar sababi. Haka shan magani yake, da tafasa ruwa lokacin kwalara. Manomin riɗi a Gadarif ya san ruwan sama ba a hannunsa yake ba, amma bai taɓa barin iri a buhu don haka ba.

Yusufina Bakhita, 'yar Darfur da aka sace tana yarinya aka yi ta sayarwa, daga baya ta riƙa ganin hannun Allah a hanyar da ta kai ta Italiya. Ita ɗin ce kuma a 1889 ta ƙeƙasa ƙasa ta ƙi bin uwargijiyarta zuwa Sawakin, har hukuma ta tabbatar ita 'ya ce, ba baiwa ba. Ganin hannun Allah bai sa ta amince da bauta ba.

A wurin ta'aziyya a kiyaye harshe. Kada a ce wa uwar da ta rasa ɗa wai hukuncin zunubi ne, Yesu ya ƙi wannan lissafi game da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa (Luka 13:4-5). Ko taron Dort, duk da tsaurinsa, ya ce iyaye masu bi kada su yi shakkar ceton 'ya'yansu da suka rasu suna jarirai.

To mene ne amfanin addu'a da wa'azi?

Su ne sababin. Mutumin nan ma'ajin Kandakatu, sarauniyar da masana ke dangantawa da Marawi ta dā, kusa da Shandi, yana karanta Ishaya a keken doki bai gane ba, sai da aka aiko masa Filibus ya hau ya zauna kusa da shi (Ayyukan Manzanni 8). Ubangiji ne ya buɗe zuciyar Lidiya, amma tana sauraron Bulus ne aka buɗe ta (16:14). Wiliyam Keri, da ya tafi Indiya a 1793, ɗan Kalbin ne. A bakin addu'a ma kowa yakan ari harshen ɗan'uwansa: ɗan Arminiyus na roƙon Allah ya juyo da zuciyar ƙaninsa, ɗan Kalbin na roƙon ƙanin ya tuba yau.

Ina tsoron ba na cikin zaɓaɓɓu, kuma ba na jin ƙaunar Allah a raina. Me zan yi?

Wannan ga mai tsoron ne, da kuma dattijo ko uwar zumunta da za a kawo wa shi. Da farko a duba jiki. Wanda ya yi watanni yana kwana cikin ƙarar harsashi, ko yake fama da zazzaɓi da yunwa da rashin barci, zuciyarsa takan yi sanyi ga komai, har ga 'ya'yansa. Wannan aikin likita ne da hutu, kada a mai da shi hukuncin sama.

Na biyu, a daina leƙen littafin da ba a ba mu ba. Asirai na Ubangiji ne, abin da aka bayyana shi ne namu (Maimaitawar Shari'a 29:29). Kalbin kansa ya ce Almasihu ne madubin da ake duba zaɓe a ciki. Saboda haka tambayar da za a yi ita ce "ina zuwa wurinsa?", amsar kuma tana Yahaya 6:37: wanda ya zo gare ni ba zan kore shi ba ko kaɗan. A sa mai tsoron ya karanta ayar da bakinsa, ba a karanta masa ba.

Na uku, a gyara ma'aunin ƙauna. Yesu ya auna ta da kiyaye umarninsa (Yahaya 14:15), Yahaya kuma da ƙaunar ɗan'uwan da ake gani (1 Yahaya 4:20). Hawaye da tashin tsigar jiki suna zuwa suna tafiya. Matar da ta raba kisra ɗaya da maƙwabciyarta a sansani saboda Almasihu, ko ba ta ji komai ba, ƙauna ce ta yi. Addu'ar da ta dace da irin wannan lokaci gajeriya ce: na ba da gaskiya, ka taimaki rashin bangaskiyata (Markus 9:24).

Abin da ke ɓata aikin shi ne mai ba da shawara ya buɗe muhawarar Dort a gaban mai kuka, ko ya ce masa "ƙara ƙoƙari", wanda ke mai da shi ga duban kansa, inda ciwon ya faro.

Mai bi na gaske zai iya fanɗarewa har abada?

Mabiya Kalbin sun ce a'a, bisa Yahaya 10:28-29, wanda ya tafi bai dawo ba dama can ba na ciki ba ne (1 Yahaya 2:19). Katolika, Kibɗawa, Luterawa da mabiya Wesli sun ce zai iya, bisa Ibraniyawa 6:4-6. Ba wanda ya koyar cewa a ɗaga hannu sau ɗaya a taron farkawa a koma sheƙe aya.

Daidai ne a ce Kalbin Jabariyya ne, Arminiyus kuma Mu'utazila?

Kwatancen yana taimakawa a buɗe hira da maƙwabci, amma ba ya kai wa gida. Malaman Musulunci sun yi tasu doguwar muhawara tsakanin Jabariyya, masu cewa bawa ba shi da zaɓi, da Ƙadariyya da Mu'utazila, masu cewa shi ke samar da ayyukansa, Ash'ariyya kuma suka zo da bayanin kasabu, wato Allah ke halittar aiki, bawa ya ɗauke shi nasa. A can tambayar ta fi karkata ga wa ke halittar ayyukan bawa. A wurin Kirista tambayar a ɗaure take da zunubin gado: zuciyar da ta karkace, yaya za ta so Allah? Zaɓen ma "cikin Almasihu" aka ce an yi shi (Afisawa 1:4). Kalbin bai musanta cewa mutum da son ransa yake aikatawa ba, Arminiyus kuma bai ce mutum na iyawa ba tare da alheri ba.

Ƙungiyarmu ta nazari tana da mutanen ɗarikoki dabam-dabam. Yaya za mu taɓa batun ba a watse ba?

A ba shi zama uku, kowanne kamar awa ɗaya da rabi, kada a haɗa shi da ranar da aka yi rasuwa ko aka karɓi sababbin masu bi. Zama na farko a karanta Afisawa 1:3-14, Yahaya 6:35-45 da Ayyukan Manzanni 13:48. Na biyu Ezekiyel 33:11, Matiyu 23:37, 2 Bitrus 3:9 da Ayyukan Manzanni 13:46, a nuna cewa aya ta 46 da ta 48 a labari ɗaya suke. Na uku Romawa 9 zuwa 11. Kafin kowa ya soki wani ra'ayi, sai ya faɗe shi yadda mai shi zai ce "haka nake nufi". Jagora ya rubuta ma'anar "'yanci" guda biyun nan a allo ko bayan kwali tun daga farko, duk wanda ya yi amfani da kalmar a tambaye shi wacce yake nufi. In akwai masu karatu da Larabci da masu karatu da Hausa, a karanta kowace aya da harsunan biyu, domin wani lokaci saɓanin daga fassara yake.